Osiletar AS3340 da na haɗa a gida: tirima ɗaya ta cinye min dare uku

Na sayi wannan kunshin kayan haɗa osileta ne, wato na'urar lantarki mai samar da sautin kiɗa, saboda guntun lantarki na AS3340 da ke cikinsa, wanda ake ƙerawa a Latbiya a madadin tsohon CEM3340, guntun da ke bayar da sauti a na'urar kiɗa ta Roland SH-101. Da yamma ɗaya na gama aikin dalma, na ba shi wuta, sai ga siffar haƙorin zarto ta bayyana tsaf a fuskar osiloskop, na'urar da ke nuna siffar siginar lantarki, babu karkata. Na yi murna ƙwarai a daren nan.

Washegari na zo saiti, a nan murnar ta koma ciki. Ƙa'idar da aka gada tun zamanin Robert Moog, mai ƙera na'urorin kiɗa na lantarki, ita ce, duk volt ɗaya da aka ƙara sai sautin ya hau oktaf ɗaya, wato yawan girgizarsa ya ninka: idan yana kan 110 Hz (girgiza 110 a daƙiƙa) ya koma 220, daga nan 440. Nawa kuwa 214 yake tsayawa, in na taɓa tirimar, wato ɗan abin da ake juyawa don daidaita sautin, da bakin sukudireba, ko da taɓawar ba ta kai kaurin gashi ba, sai ya tsallake zuwa 227. Dare uku na yi ina zargin hannuna, ina sake narka dalmar da ba ta da laifi, kafin na lura cewa mai sayarwar ya sa tirima mai juyi ɗaya ne a gurbin da hoton tallarsa ya nuna mai juyi 25, wadda ake iya saitawa kaɗan-kaɗan. Da na samo ta gaskiya a wurin masu gyaran rediyo na sauya, cikin minti ashirin oktaf biyar suka daidaita.

Gaskiya tun daga ranar ban sami abin kushewa a sautin ba. Na bar osiletar a kunne da tsakar rana cikin zafin Afrilu, ɗakin babu fanka, kuma bayan ta ɗumama na kwata ɗin awa ba ta kauce yadda kunne zai ji ba, domin guntun yana gyara tasirin zafi da kansa. Har na fara tunanin sayen ta biyu.

Amma duk lokacin da na ga ƙonuwar da maimaita dalma ta bari a gefen allon, sai raina ya sake ɓaci. Na aika wa mai sayarwar saƙo sau biyu tare da hoton tirimar, har yau ko amsa sallamata bai yi ba, saboda haka ta biyun a wani wuri zan neme ta.