Amsar imel: a saman saƙo ko a ƙasansa?

Ɗan'uwa da ka ce abokin aikinka ya yi maka ƙorafi don ka rubuta amsa a saman saƙonsa, kana tambaya wanne ne daidai, to gaskiya wannan musun ya girmi Gmail ɗin ma da ya fito a 2004.

Masu cewa a ƙasa suna da hujja mai ƙarfi. Tun 1995 akwai takardar ladubban intanet da ake kira RFC 1855, ta ce ka kawo iya abin da zai sa a gane maganar da kake amsawa, kada ka kwaso saƙon gaba ɗaya. Shi ya sa mutane suke sa alamar > a gaban maganar wanda suke amsa wa, su yanke sauran, su amsa a ƙasa, don mutum daga sama yake karatu zuwa ƙasa, tambaya ce ya kamata ta riga amsa. Har yau masu gina Linux, wata babbar manhaja da ke tafiyar da kwamfuta, da imel suke aikinsu kuma ba sa son amsa a sama sam, za su gaya maka kai tsaye.

Amsa a sama kuma Outlook da Gmail ne suka saba wa mutane da ita, kana danna amsa sai su ajiye ka a sama, tsohon saƙon ya bi ƙasa, Gmail ma ɓoye shi yake yi a bayan ɗigo uku. A ofis tana da amfani, oga ya buɗe a waya ya ga "na karɓa, zan turo gobe" shikenan ya wuce, kuma wanda aka sako daga baya zai ga yadda maganar ta faro. Sai dai wannan jelar ta tsofaffin saƙonni tana da haɗari, in aka tura wa mutumin waje har maganar farashi da kuka yi a tsakaninku zai karanta.

Ni inda nake tsayawa, in tambaya ɗaya ce amsa a sama ba laifi. Amma in an jero maka tambaya uku ka rubuta "to ba damuwa" a sama, wallahi ka bar mutum cikin duhu, wacce ka amsa? Dubi wannan:

> Taron ran Talata ne ko Laraba?
Laraba, ƙarfe 10.
> Wa zai kawo rahoton?
Ni, in sha Allah.

Irin abin da muke yi kullum a WhatsApp ne in mun ja saƙon mutum muka amsa a ƙasansa, ba wani sabon abu ba.

Don haka sake duba saƙon abokin naka, in tambayoyi ya jero to yana da gaskiya, ka koma ka amsa su ɗaya bayan ɗaya, ka goge gaisuwa da sa hannunsa da suka biyo.