Horon da na yi kan kalmomin marshen gwamnati, wato kwangilar gwamnati, nan Maradi

Salam 'yan uwa masu ƙananan antarpiriz, wasu sun tambaye ni ko horon kwana ukun nan da wani kabine ya shirya wajen unguwar Ali Dan Sofo ya cancanci kuɗinshi, to ga abin da na gani da idona. Jika talatin na biya, kuma wallahi ban yi da-na-sani ba.

Ni aikin ruwa nike yi, foraj da shato da jan tiyo. Shekaru nike sayen dosiye ina sa hannu amma ban taɓa gane bambancin taransh farm da taransh kondisiyonel ba, wato kashi-kashin aiki cikin kwangila guda, sai rannan. Mushen ya zana muna shi a allo da misalin ruwan ƙauye: kashi na farko gina foraj da ɗora shato, wannan shi ne farm, gwamnati ta ɗaure kanta da shi tun ranar sa hannu. Kashi na biyu kai tiyo unguwanni da kafa famfuna, wannan kondisiyonel ne, yana cikin kwangilar amma ba naka ba ne sai ranar da takarda ta zo a rubuce cewa an tabbatar da shi, in kuɗi bai samu ba suna iya barin shi. Nan fa jikina ya yi sanyi don bara haka na ci bashi na jibge tiyo a magaza ina jiran kashi na biyu na wani aiki, har yau suna nan ƙura ta rufe su, ashe ni ne ban karanta da kyau ba.

Ya kuma raba muna lo da taransh, lo rabon aiki ne da mutane daban-daban ke iya ci, taransh kuwa mutum guda ne amma lokaci bayan lokaci. Sai abans, kuɗin somin aiki, da ba a ba ka sai da kosiyon banki, wato banki ya tsaya maka, sai resapsiyo, wato karɓar aiki in ka gama, ta wucin gadi da ta ƙarshe da kuɗin garanti da ake riƙe maka tsakaninsu, a dosiyen da ya nuna muna kashi 5 cikin ɗari ne har shekara guda. Wani dattijo ya ce ranka ya daɗe in an zalunce mu fa, ya ce a fara rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da marshen kafin a kai ARCOP, hukumar da ke sa ido kan marshen gwamnati, a Yamai, kuma kwanakin ƙidayayyu ne kar a yi wasa.

Abin da bai min daɗi ba takardun da suka raba duk Faransanci ne zalla alhali bayanin da Hausa aka yi shi, rabinmu ba su yi lakkwal mai nisa ba. Ga ɗakin ƙarami, mu sama da ashirin da fanka ɗaya, rana ta biyu wuta ta ɗauke muka ƙarasa ƙarƙashin bedi a tsakar gida.

In sun sake shiryawa zan tura yaron da ke cika min dosiye, ku ma ku je da tsohuwar kwangilarku a hannu don yana yarda ya duba ta tare da ku bayan an tashi.