Ƙaramar tiraka ko babba mai karanta tanki? Amsa ga Alhaji

Assalamu alaikum. Alhaji ya ce yana da tirela uku masu ɗaukar kaya daga Tema zuwa Tamale da Paga a Ghana, da trotro biyu, wato ƙananan bas na haya, a layin Aboabo zuwa Kejetia a Kumasi. Mai saka tiraka, wato na'urar bin sawun mota, ya kawo masa iri biyu: ƙarama mai nuna inda mota take, da babba mai karanta tanki da inji, wadda ta fi tsada sosai. Wacce zai ɗauka?

Ranka ya daɗe, na yi shekaru ina duba motocin maigidana a Asawase ta allon kwamfuta, kuma duk biyun sun bi ta hannuna. Wajen nuna wuri kusan duk kanwar ja ce. Kowacce tana sauraron taurarin GPS na Amurka da ke shawagi sama da kilomita 20,000 daga ƙasa, tana buƙatar huɗu daga cikinsu ta gane inda take, sannan ta turo labari ta layin MTN ko Telecel da aka sa mata. Kuskurenta 'yan mitoci ne. Kada wani ya karɓi ƙarin kuɗinka da sunan babbar ta fi gani.

Ƙaramar za ta faɗa maka inda mota take, gudun da take yi, ƙarfe nawa aka tada ta, ƙarfe nawa aka kashe. Kana iya zana shinge a taswira, da ta tsallake shi waya ta yi ƙara. Ga trotro wannan ya wadatar, domin direba ne ke sayen mansa, kai kuɗin yini kake jira da yamma. Abin da ke damunka shi ne ko ya bar layi ya tafi shata Techiman, ko ya yi aiki ranar da ya ce mota tana wurin gyara a Magazin ta Suame, ko kuma, Allah Ya tsare, an sace ta.

Tirela kuwa kai ke zuba dizal, kuma a nan kuɗinka ke zurarewa. Babbar na'ura tana zuwa da sandar awo da ake huda tanki a zura. A allo za ka ga layi yana gangarowa a hankali muddin mota na tafiya, yana ɗan rawa idan hanya ta lalace saboda mai yana kaɗawa. Wata rana na ga motarmu tsaye kusa da Kintampo wajen ƙarfe biyu na dare, inji a kashe, layin ya faɗi tsaye kamar an sare shi da adda: lita 60 cikin minti goma. Da ƙaramar ce a jiki, abin da za ta rubuta kawai "ta tsaya awa biyar". Haka idan rasit ya ce lita 300, tanki kuma 260 ya ƙaru, ka samu abin tambaya. Tana kuma ƙirga awannin da inji ke aiki mota na tsaye, a layin shiga tashar Tema ko a boda, kuma babbar mota tana shan lita 2 zuwa 3 a kowace awa a haka.

Amma fa babbar tana da jinya. Sai an juye tanki gaba ɗaya, a riƙa zuba lita 20 bayan lita 20 ana rubuta abin da sandar ta karanta. Mai sakawa da ya tsallake wannan ya bar ka da lissafin banza. Mota mai tanki biyu sanda biyu take so. Har yau ina jin nauyin wani dattijon direba da muka tuhuma da lita 25, ashe a gangare ya ajiye motar, man ya kwanta gefe guda. Da ya hau shimfiɗaɗɗiyar hanya layin ya koma inda yake. Mun ba shi haƙuri, amma maganar ta riga ta fita. Tun daga ranar ba na kiran kowa sai na haɗa uku: wurin tsayawa, halin inji, da ko man ya dawo bayan an tashi.

Batun karanta inji ya danganta da motar. Tun 2002 manyan kamfanonin Turai irin su DAF, MAN, Scania da Volvo suka amince da hanya ɗaya ta fitar da bayanan inji, wato FMS: zafi, juyin inji, ainihin kilomita, man da aka ƙona. Sai dai ba kowace mota ke zuwa da ita a buɗe ba, tsofaffi da yawa kuma an sha yanke musu wayoyi a gareji. A gwada a motarka kafin ka biya kuɗin wannan ɓangaren.

Duk biyun suna makancewa inda sabis ya ɗauke a hanyar arewa. Mai kyau tana ajiye bayanai ta turo daga baya, mai arha sai ka ga ta ja miƙaƙƙen layi ta cikin daji. Idan mota za ta wuce Paga ta shiga Burkina, a tabbatar layin yana aiki a can.

Ni dai a wurinka, ƙarama zan sa wa trotro biyun, babba kuma ga tirela ɗaya tukuna, wadda ta fi cin mai, a ga abin da wata biyu za su nuna. Ka sa yaro ɗaya ya riƙa buɗe rahoton kowace safiya yana gwada shi da rasit. Ka tara direbobi ka faɗa musu an saka, domin Dokar Kare Bayanai ta Ghana ta 2012, Act 843, ta ba mutum haƙƙin sanin ana tattara bayanansa. Maɓallin kashe inji daga waya kuma, don Allah a saita shi kada ya yi aiki sai mota ta tsaya cak.