Wane makulli ya dace da asusun wasanka? Abin da ɗan Damagaram zai auna kafin ya zaɓa

Saƙon gajere ne: an yi ƙoƙarin shiga asusunka daga wata waya da ba a sani ba, wani lokaci har da sunan wata ƙasa mai nisa. Masu buga Free Fire, PUBG Mobile da eFootball da yawa a fadojin Zinder sun taɓa ganinsa, wasu kuma sukan share shi su koma kan shayinsu. Kada ka share, ɗan'uwa. Sau da yawa abin da saƙon ke gaya maka shi ne kalmar sirrinka ta riga ta fita hannunka, saura ƙiris a kwashe abin da ka yi shekaru kana tarawa da kuɗinka da daren da ka hana idonka barci.

Kafin maganar makulli, wato tabbaci na biyu da ake nema bayan kalmar sirri, ka san inda ƙofar take. Yawancin wasannin salula ba su ne ke riƙe da kalmar sirrinka ba, a rataye suke a jikin Gmail ko Facebook ɗin da ka haɗa su da shi. Wanda ya kama Facebook ɗinka ya kama Free Fire ɗinka, ba sai ya taɓa wasan ba. Wanda kuma har yau yake wasa a matsayin baƙo, bai haɗa da komai ba, ranar da wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, da wuya ya sake ganin asusun. Saboda haka duk abin da zan kwatanta a nan, a kan Gmail da Facebook za ka fara ɗora shi, sannan asusun PlayStation, Activision, Epic ko Steam in kana da su.

Ta ina kalmar ke fita? Mafi yawa ta shafukan bogi masu alkawarin lu'ulu'u ko UC, wato kuɗin cikin wasa, kyauta, sai masu cewa ka ba su kalmar sirri su zuba maka da araha. Akwai kuma ɗabi'ar sa kalma ɗaya a ko'ina. Manyan kamfanoni ma ana fasa su: a 2011 an shiga rumbun PlayStation, bayanan asusu kusan miliyan 77 suka fita. Ɓarayi kan ɗauki irin waɗannan jerin su yi ta gwadawa a wasu wurare, shi ya sa za ka ga an taɓa ƙofarka daga ƙasar da ba ka san kowa ba.

Zaɓin da kowa ke fara kamawa shi ne lambar da ake turowa ta SMS. Kyauta ce, ba ta son wayo, kowace waya tana karɓa. Amma a wajenmu ita ce mafi rauni. Saƙon daga waje yake zuwa, ranar da rezo ya yi nauyi sai ka zauna jira har lambar ta mutu. Sannan dubi yadda muke da layuka: yau Airtel, gobe Moov ko Zamani, wanda ke zuwa Kano sayayya yana da na Najeriya a aljihu. Layin da aka daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na karɓe shi ya sayar wa wani, lambobin asusunka kuma su koma shiga wayar baƙo. Ga wayar da aka bari wurin mai caji a bakin kasuwar Dole, saƙo na fitowa a fuskarta ko da a kulle take. Idan ba ka da wata hanya, kunna ta, ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma kada ka tsaya nan. Lambar da ake turowa ta imel kuwa, ƙarfinta bai wuce ƙarfin imel ɗin ba.

Abin da nake ba yawancin mutane shawara shi ne manhajar lambobi, irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator. Dukansu kyauta ne. Ranar haɗawa, asusun zai nuna maka hoton QR, manhajar ta ɗauka, daga nan ita da kanta ke ƙirƙiro lamba mai alƙaluma 6 da ke canzawa duk daƙiƙa 30. Abin da ya sa ta dace da mu shi ne ba ta buƙatar layi ko intanet wajen fitar da lambar. Ko kana Mirriya, ko kan hanyar Tanut inda rezo ke ɗaukewa, lambar tana nan. Ka canza layi sau goma, babu ruwanta. Abu ɗaya take so: agogon wayarka ya zama daidai, domin da lokaci take lissafi. Idan ka ga tana ba ka lamba ana cewa ba ita ba ce, duba agogon, ka bar shi ya riƙa saita kansa.

Tsoron da mutane ke yi mata gaskiya ne: idan aka sace wayar fa? Tun 2023 Google Authenticator na iya adana lambobin a asusun Google ɗinka, ka sauke su a sabuwar waya. Sai dai ka yi tunani, idan lambar shiga Gmail ɗin ma tana cikinta, ka kulle ɗaki ke nan ka bar mabuɗin a ciki. Maganin wannan shi ne lambobin ajiya. Google na ba da guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace sau ɗaya take aiki. Facebook da PlayStation ma suna da nasu. Ka rubuta su da biro a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa. Kada ka ɗauke su hoto ka bari a wayar, domin ranar da za ka neme su ita ce ranar da wayar ba ta hannunka. A ganina wanda ya kunna manhaja bai rubuta waɗannan lambobin ba, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ya bari shi ne mai sa kuka.

Masu wasa a kwamfuta su lura, Steam ba ya aiki da waɗannan manhajoji, nasa Steam Guard yana cikin manhajarsa ta waya, kuma wanda bai kunna shi ba ana iya riƙe masa musayar kaya har kwana 15. Fortnite kuma ba zai bar ka ka aika wa aboki kyauta ba sai ka kunna tabbaci na biyu.

Manhajar lambobi tana da kafa ɗaya da ba ta toshe ba. Idan ka shiga shafin bogi ka rubuta kalmar sirri, ka kuma rubuta lambar da hannunka, ɓarawon na iya amfani da ita nan take kafin daƙiƙa 30 su cika. Wannan kafar ce mabuɗin yatsa ya zo ya toshe, wanda a wayar da ke da Faransanci za ka gan shi da sunan clé d'accès. Babu abin rubutawa, da yatsanka ko fuskarka ko lambar buɗe wayar kake shiga, kuma mabuɗin a ɗaure yake da shafin gaskiya, ba ya buɗuwa a na bogi komai kamarsu. Google ya kawo shi a 2023, PlayStation a 2024, yana aiki daga Android 9 zuwa sama. Kyauta ne shi ma. Idan wayar taka ce kai kaɗai, ka ƙara shi a kan manhajar. Amma a gidajenmu waya ɗaya kan zaga hannu uku, ƙane ya san lambar buɗewa, aboki ya sa yatsansa tun bara. A irin wannan hali duk wanda ke iya buɗe wayar ya zama mai asusun, to ka fara gyara wannan tukuna.

Wanda ake saye da kuɗi shi ne mabuɗin ƙarfe, irin YubiKey ko Titan na Google, ɗan ƙaramin abu da ake cusawa a waya ko a manna a bayanta. Ƙarfinsa ba abin musu ba ne: a 2018 Google ya ce tun da ya wajabta shi ga ma'aikatansa sama da 85,000, ba a ƙwace asusun ko ɗaya ta hanyar yaudara ba. Farashin yana farawa daga wajen dalar Amurka 25, kusan jaka 15 ke nan kafin kuɗin kawowa, masu tsada kuma sun haura dala 50. Kuma biyu ya kamata ka saya, ɗaya a ajiye. Kafin ka aika a sayo maka, juya wayarka ka duba: yawancin ƙananan Tecno da itel ba su da NFC, wato fasahar da ke sa waya ta karanta mabuɗin in an manna shi, tsofaffin kuma bakin cajinsu ba USB-C ba ne. Wasannin kansu ba kasafai suke karɓarsa ba, Gmail da Facebook za ka kulle da shi. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke buga ƙwallo a waya da yamma bai buƙatarsa. Mai gidan wasa da ya zuba ɗaruruwan dubban sefa a asusun PlayStation, wanda da shi yake ci da iyali, shi kam kuɗin bai yi yawa ba.

Kai kuma mai zuwa gidan wasan, idan za ka shiga da asusunka a PS4 ko PS5 na haya, zaɓi shiga a matsayin baƙo, domin bayananka na gogewa da zarar ka fita. Asusun da ake tallatawa a WhatsApp kuwa ka bar shi, dokar wasannin ta hana, kuma mai shi na asali na iya karɓe abinsa bayan ya ci kuɗinka.

Idan saƙon ya riga ya zo, kada ka taɓa mahaɗin da ke cikinsa, domin shi ma ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe saitin Gmail ko Facebook da kanka, canza kalmar sirri zuwa doguwa wadda ba ka sa a wani wuri ba, fitar da duk na'urar da ba ka gane ba, sannan ka duba lambar waya da imel na dawo da asusu, domin su ɓarawo ke fara canzawa. A takardar nan ta lambobin ajiya ka ƙara lambar ɗan wasanka, kuma kada ka goge rasit ɗin Google Play da ke zuwa imel duk lokacin da ka sayi lu'ulu'u, da irinsu ake nuna wa kamfanin wasa cewa asusun naka ne.