Ajin yoga na kaka a Manchesta: yana kwantar da mai fargaba, amma bai isa tayar da mai kasala ba

Aji ne na yoga, wato motsa jiki mai haɗa miƙa gaɓɓai da saita numfashi, na mako takwas a wani ɗakin motsa jiki na unguwa a Manchesta da ke arewacin Ingila, daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba, sau ɗaya a mako da ƙarfe bakwai na yamma, awa ɗaya da kwata, sai bidiyon minti 20 da ake yi a gida. Abin da suka tallata shi ne daidaita yanayin zuciya a lokacin kaka. Na kammala shi har ƙarshe, kuma a ganina ya cika rabin alkawarinsa cikawa mai kyau, ɗaya rabin kuwa ko hanyarsa bai kama ba.

Sai an san kakar nan kafin a gane dalilin ajin. Mu a wurinmu kaka lokacin girbi ne da yalwa. A arewacin Ingila kuwa lokacin ƙarancin haske ne. A ƙarshen Satumba yini yana kai awa 12, zuwa tsakiyar Nuwamba bai cika tara ba. A Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai a wayi gari rana na faɗuwa kafin ƙarfe biyar. Mutane iri biyu ne ke jin wannan sauyi a jikinsu. Akwai wanda barci ke ƙaurace masa, tunani ya yi ta kai-komo, ƙirji ya ɗaure, ga saurin fushi. Akwai kuma wanda jikinsa ke yin nauyi, ya yi barcin awa goma ya tashi bai ƙoshi ba, ba abin da yake sha'awa sai burodi da kayan zaƙi. Maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne, kuma ajin nan na farkon kawai ya yi wa tanadi.

Tsarin kowane zama kusan iri ɗaya ne, kuma na ga hikimar hakan, domin mai ruɗaɗɗen tunani ba ya buƙatar sabon abu kowane mako. Minti goma na farko a zaune ake yi, ana saita numfashi. Daga nan minti 25 a tsaye, a hankali: tsayuwar dutse, tsayuwar jarumi ta biyu, tsayuwar bishiya da ƙafa ɗaya. Bambancinsa da ajin bazara shi ne ba a ruga daga wannan tsayuwa zuwa waccan, kowacce ana riƙe ta tsawon numfashi biyar zuwa takwas, ana danna dunduniya da gindin babban yatsa a ƙasa. Cinya takan ɗau zafi, jiki ya yi ɗumi ba tare da gumi ya jiƙa riga ba. Wannan ya dace, don wanda ya fita titi da jiƙaƙƙiyar riga a daren Nuwamba ya san abin da zai tarar.

Numfashin ne ya fi komai daraja a ajin. Ana shaƙa ta hanci a ƙirga huɗu, a fitar a ƙirga shida, wato kimanin numfashi shida a minti ɗaya. Dalilinsa a jiki yake: duk sa'ad da mutum ke fitar da iska bugun zuciyarsa na ɗan raguwa, to idan fitarwar ta fi shaƙar tsawo sai ɓangaren jijiyoyin da ke kula da hutu ya rinjayi na faɗakarwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi a makon farko shi ne cika ƙirji fam, har kafaɗu su ɗaga zuwa kunne. Mai yin haka cikin minti biyu zai ji jiri da tsikarin yatsu, don yana fitar da iskar kabon fiye da ƙima, sai ya ɗauka fargabar ce ta ƙaru. Malamar na gyara wannan da dabara mai sauƙi: a sa tafukan hannu a gefen haƙarƙari na ƙasa, a bar su su buɗe gefe da gefe, kafaɗa kada ta motsa. Wanda shida ta yi wa tsawo ya fara da uku da huɗu. A mako na uku aka ƙara numfashin da ake toshe ƙofar hanci ɗaya bayan ɗaya, wanda suke kira nadi shodana, zagaye goma, ba tare da riƙe numfashi ba. Na yaba da barin riƙewar, domin ga mai fargaba riƙe numfashi tamkar tsokano tsuliyar dodo ne. Matsalarsa ɗaya: lokacin mura ne, kuma hanci a toshe ba ya wannan aiki. Ranar da hanci ya toshe gara a koma ga numfashin ƙudan zuma, wato a rufe baki a yi gunji ƙasa-ƙasa yayin fitar da iska, sau bakwai.

Minti 30 na ƙarshe a kwance ake yi, da kayan tallafi, salon da ya samo asali daga koyarwar B.K.S. Iyengar na birnin Pune a Indiya. Kwanciya uku ce ake maimaitawa. A ta farko ana sa dogon matashi mai tauri a bayan mutum daga ƙugu zuwa kai, a kwanta a kansa, a haɗa tafukan ƙafa, gwiwoyi su buɗe gefe, minti biyar zuwa bakwai. A nan dole a sa bulon yoga, na soso ko na katako, ko naɗaɗɗen bargo a ƙarƙashin kowace cinya. In gwiwa ta rataya a iska, naman cikin cinya zai yi ta riƙo, kuma jikin da ke riƙo ba ya hutawa. Kai ma a ɗan ɗaga shi da ninkakken tawul yadda goshi zai fi haɓa tsayi kaɗan. In haɓa ta kalli sama, ƙeya ce za ta biya bashin. Ta biyu durƙuso ne, a rungume matashin, a kifa ciki a kansa, a juya fuska gefe ɗaya minti biyu sannan ɗaya gefen. Ta uku ita ce jingina ƙafafu a bango, kusan minti takwas. Ba sai ɗuwawu ya taɓa bango ba. Wanda bayan cinyarsa ke da tauri ya ja baya kamar taƙi ɗaya, in ba haka ba ƙugu zai lanƙwashe ƙafa ta yi sanyi. Mai hawan jinin da bai daidaita ba da mai hawan jinin ido su tambayi likita kafin wannan, mai ciki kuma da ya tsufa kada ta daɗe a rigingine.

Inda ɗakin ya gaza shi ne ɗumi. Jiki na saurin hucewa idan an daina motsi, ga daɓen katako mai sanyi, ga bargo ɗaya tal ga kowane mutum. Mai rawar ɗari ba ya samun natsuwa komai iya malama. Wanda zai shiga irin wannan aji ya tafi da safa mai kauri, da rigar sanyi, da ƙarin bargo. Tabarmar da suke bayarwa siririya ce. Mai kaurin milimita biyar ko shida ta fi dacewa da wannan lokaci. A gida ba sai an sayi dogon matashin ba, bargo biyu da aka naɗe da ƙarfi suna aikinsa, amma matashin barci ba ya yi, don lotsewa yake.

Bayanin da malamar ke rakawa da shi kuma sai a tace. Ta kawo ra'ayin Ayurbeda, tsohon ilimin magani na Indiya, cewa kaka lokacin “bata” ne, mai sanyi da bushewa da yawan motsi, shi ya sa ake so a rage gudu a ƙara ɗumi. A matsayin hanyar tsara aji wannan ya yi ma'ana. Amma da ta shiga zancen cewa buɗe ƙirji na fitar da baƙin cikin da huhu ya adana, wanda ra'ayi ne na maganin gargajiyar Sin, sai ta faɗe shi kamar abin da aka auna aka tabbatar. Buɗe ƙirji na sauƙaƙa numfashi ga wanda ya wuni a duƙe gaban kwamfuta, kuma wannan ya isa dalili.

Babban giɓin shi ne mutum na biyun nan, mai nauyin jiki. Idan ka ɗauki wanda dama barci ya yi masa yawa ka kwantar da shi a ɗaki mai duhu da daddare, ka lulluɓe shi da bargo, ba ka ƙara masa komai ba. Abin da yake nema motsi ne mai ɗan ƙarfi da safe, a gaban taga ko a waje, minti 15 zuwa 20, har numfashi ya ɗan hau, domin hasken safiya ne ke saita agogon jiki. Bidiyon gidan da ya kamata ya cike wannan gurbi maimaicin ajin dare ne kawai. A duk makonni takwas ba a taɓa ambaton ciwon damuwa mai bin yanayi ba, alhali tun 1984 Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana shi, kuma sananne ne cewa masu fama da shi kan yi amfani da fitilar haske mai ƙarfin luks (ma'aunin haske) 10,000 na kusan rabin awa da safe. Ba a kuma yi zancen bitamin D ba, wanda hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ke ba kowa shawarar shan maikirogiram 10 a kullum a kaka da hunturu, masu baƙar fata irinmu kuwa su duba yiwuwar sha duk shekara. Ba aikin malamar yoga ba ne ta rubuta magani, amma ajin da ya sa yanayin zuciya a tallarsa ya kamata ya faɗa wa mutane ƙarara cewa wanda ya haura mako biyu ba ya jin daɗin komai, ko aiki ya fara gagararsa, likita zai gani.

Ga musulmi akwai abu biyu da za a tambaya kafin a biya kuɗi. A wannan ajin ba a rera komai, ba a kuma yin jerin motsin da ake kira gaisuwar rana, amma wasu azuzuwan suna yi, don haka a bincika. Lokacin ma ya yi daidai: daga tsakiyar Oktoba magariba na wucewa kafin a fara, bayan sauya agogo ma har isha'i mutum na iya yi ya fito. Sai dai makonni biyun farko magariba na faɗowa daf da fara ajin. Maza da mata a haɗe suke, kuma malamar na tambaya kafin ta taɓa mutum don gyara masa tsayuwa.

Wanda kaka ke hana wa barci, ko take sa shi ƙunci da rashin haƙuri, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba, musamman in ya dage da numfashin huɗu da shida na minti biyar kowane dare, a lokaci ɗaya, da jingina ƙafa a bango kafin ya kwanta. Wanda take saukar wa da kasala ya nemi ajin safe, ko ya yi tsayuwar nan uku da sauri-sauri da zarar gari ya waye, labule a buɗe.