Esi a ɗakin ƙasa: abin da na gani a gidanmu na Daura

Gidanmu na gado yana cikin tsohon garin Daura, 'yar tafiya kaɗan da ƙafa daga rijiyar Kusugu. Ginin ƙasa ne, rufin azara, kaurin bangon ya fi kamu guda. Nan Hajiyarmu take, kuma ta ce ba mai fitar da ita zuwa gidan siminti. Da azumin 2024 ya faɗo a watan Maris, zafi ya hana ta barci, sai muka haɗa kuɗi mu 'ya'yanta don a sa mata esi.

Mutum biyu na kira. Na farko ko ɗakin bai shiga ba, daga zaure ya ce a sayo mai ƙarfin doki biyu. Na biyun, wani dattijo ɗan gari, ya shiga ya dafa bango, ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ce doki ɗaya ya isa. Dalilinsa shi ne bangon ƙasa yana daɗewa kafin ya ɗau zafin rana, kuma idan ya yi sanyi yana riƙewa. Babban inji a irin wannan ɗaki kunnawa da mutuwa kawai zai riƙa yi, yana shan wuta a banza. Shi na ba aikin, kuma ba don arha ba, don kuɗin hannunsa ya ɗara na wancan.

Shi ya ba da shawarar a nemo irin mai inbata, wato esin da ke rage ƙarfinsa da kansa idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya mutu, wanda kuma yake iya juyawa ya hura ɗumi. Yawancin waɗanda ake sayarwa a nan sanyi kaɗai suke yi, sai da aka aika Kano kafin aka samo. Na so in ƙi, don ban ga abin da za a yi da ɗumi a Daura ba. Sai ya tambaye ni da me Hajiya take jin ɗumi da hunturu. Da kaskon gawayi mana, ƙofa a rufe, kamar kowace tsohuwa. Ya ce hayaƙin da gawayi ke fitarwa ba a ganinsa, ba a jin warinsa, kuma yana kashe mutum cikin barci. Na san haka, amma ban taɓa haɗa shi da ɗakin uwata ba. A Janairu, da sanyin asuba ya yi tsanani, injin ya ɗumama ɗakin, kasko ya koma tsakar gida.

Wurin kafawa ne na fi yaba masa. Ya ƙi maƙala injin waje a jikin bango, ya ce rawar da yake yi za ta tsaga ƙasar a hankali. Dakali ya sa aka yi masa. Ramin bututu kuwa da hannu ya fafe shi, ya zura bututun roba a ciki tukuna. Sai maganar ruwa. Da bazara iska a bushe take, esi ɗigo kawai yake yi, amma da damina yakan cika bokiti a yini, kuma ruwan da ke ɗiga wuri guda a gindin bangon ƙasa kowa ya san ƙarshensa. Ya ja tiyo har gindin bishiyar lemon tsami. Maƙwabcinmu da aka sa wa nasa ba a yi haka ba, a Agusta gindin bangonsa ya zaizaye har sai da aka yi yaɓe.

To amma ba a rasa abin faɗa ba. Alkawarin mutumin nan ba abin riƙewa ba ne. Ya ce Asabar, sai Talata muka gan shi, wayarsa kuma ta fi zama a kashe. Bayan sati uku sanyin ya ragu, ƙanƙara ta kama ƙaramin bututun waje. Ashe bakin mahaɗar bai ɗauru sosai ba, gas ya zurare. Ya gyara bai karɓi ladan aiki ba, amma kuɗin gas ɗin ni na biya, har yau kuma ina ganin bai kamata ba. Sannan bai gaya mana komai game da wanke ragar tace ƙura ba. Da hazon hunturu sati biyu ya isa ta toshe, mu muka gano da kanmu.

Wuta kuwa sai yadda ta kama. Mun haɗa shi da solar gidan, yana jan sa da rana, da dare in an sa shi a digiri 26 batir yakan kai shi tsakar dare. Daga nan sanyin da bangon ya sha shi ke ƙarasa aikin.

Duk mai tsohon gida irin namu da ya tambaye ni, zan tura shi wurin dattijon, in kuma ja masa kunne ya ƙara kwana uku a kan duk ranar da aka sa masa. Hajiya dai har yanzu ba ta taɓa rimot da hannunta. Jikanta take kira: “Kai, zo ka kunna mini abin nan na Malam.”