Sharhi: na'urar hangen taurari mai madubin milimita 130, ko ta dace da sabon shiga?

Wanda ke shirin sayen na'urar hangen nesa ta farko ya rabu da lambar da ake ɗora wa kwali da manyan haruffa, wai tana ninka abu sau 500 ko 600. Faɗin madubi shi ne magana, domin shi ke tattara haske. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce a ninka faɗin madubin, a milimita, sau biyu: nan ne iyakar ninkin da za ta iya. Abin da ya wuce haka dishi-dishi ne kawai.

Tawa mai madubi ce, irin da Isaac Newton ya fara haɗawa a 1668, tana zaune a kan gindin katako samfurin John Dobson na Amurka. Faɗin madubin milimita 130, haske na tafiyar milimita 650 kafin ya haɗu. Ta zo da gilasan leƙe biyu, na milimita 25 da na milimita 10. Raba 650 da kowanne, na farko ya ba ka ninki 26, na biyu 65. Ba wayar lantarki, ba saiti mai wahala, ka ɗora ta a benci ka juya ta da hannu. Wannan gindin ne ya saye ni. Masu siraran ƙafafu uku da ake sayarwa da araha, ko tari ka yi sai tauraro ya kama rawa.

Wata ne ya fi burge ni, musamman yana ɗan kwana bakwai, lokacin da inuwa ke fito da ramuka da duwatsunsa ɓaro-ɓaro. Daren sha huɗu haskensa sai ya kashe ido. Mushtari, wato Jupiter, yana fitowa da ɗigo huɗu a jere, watanninsa da masanin taurari Galileo ya gani a 1610, kuma gobe in ka dawo sun sauya wuri. Zoben Zuhal, wato Saturn, ƙarami ne ƙwarai, amma zobe ne, ba gardama. Kaza da 'ya'yanta kuwa da gilashin 25 suka fi kyau. Kada dai a sa ran launukan hotunan intanet: gajimaren Oriyon, wani tarin iskar gas da ƙura a sararin samaniya, toka-toka yake fitowa. Komai kuma kife yake bayyana, sannan yana zamewa daga gani saboda juyawar duniya, sai kana ɗan turawa. Manhajar Stellarium a waya na rage wahalar nema.

Tana da nata cikas. Dole sai da benci ko teburi mai ƙwari, in ba haka ba durƙuso za ka sha. Madubin kuma kan goce in an sha jijjiga da ita a mota, sai an daidaita shi da kusoshi uku na baya. Da farko abin da ban tsoro, daga baya aikin minti kaɗan ne.

Babban abokin gabarta a nan Arewa ƙurar hunturu ce. Hazo yakan dushe sama, ƙura kuma ta sauka kan madubi. Ina rufe bakinta da murfi, in lulluɓe ta da zane a ɗaki mara laima. Madubin kuwa ba a goge shi da tsumma ko gefen riga, domin shafen alminiyon yana saman gilashin ne, ƙwayar yashi ɗaya sai ta karce shi. 'Yar ƙura ba ta hana gani. In ta yi yawa, a hure da robar hura iska. Daren da ya biyo bayan ruwan sama, shi ne sama ke fita tas.

Maƙwabta sukan tambaye ni ko za ta nemo jinjirin watan azumi. Tana iya taimakawa, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya, don leƙa rana da ita ko na ƙiftawa na iya makantar da mutum. Shi ya sa ba na barin ta a tsakar gida da rana inda yara ke wasa.

Ga mai farawa, na yaba da ita. Wanda kuma burinsa ɗaukar hoton taurari masu nisa ne, ya tara kuɗinsa ya nemi mai injin bin sama.